Makarantar da Na Zaɓa wa Alamin

Sallama gare ku 'yan'uwana masu biye da ni, har da ke baiwar Allah da kika rubuto mini cewa ni ce mai taurin kai ba Babana ba. Na gani, na kuma haɗiye. Yau ba ni da ƙarfin musu.

Ga waɗanda yau suka fara cin karo da ni, sunana Suwaibatu, Suwaiba ake ce mini a gida, a Nguru aka haife ni. Kakanmu daga Haɗeja ya zo da fataucin barkono, Baba ya gada, shi ya sa baƙo in ya shigo gidanmu sai ya yi atishawa kafin a amsa masa sallama. Wanda nake so kuwa Alamin ne, ɗan Gashuwa. A jami'ar can muka haɗu. Ya riga ni gamawa, ya yi bautar ƙasa ya dawo, ya zauna yana taya wani abokinsa tsaron shagon cajin waya. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami. Ba shi da komai sai hankali da fara'a, da wata shadda ruwan toka da na haddace ɗinkin wuyanta, don ita yake sakawa duk ranar da zai zo zance.

Ku yi wa Baba adalci, bai ƙi shi ba. Ranar da Alamin ya shiga gaishe shi, cewa ya yi, "Ni ba na tambayar yaro abin da ya tara. Ina tambayarsa abin da yake yi in gari ya waye."

Alamin ya sunkuyar da kai ya ce shi tun yana yaro babu abin da yake sha'awa kamar tuƙin babbar mota. Ina laɓe bayan ƙofa, na ce a raina, yau ka kashe mu. Sai na ji Baba yana dariya. Ashe maganar ta yi masa daɗi, don rayuwarsa duka da direbobi yake hulɗa. Nan take ya ce zai haɗa shi da Baffa Rabe.

Baffa Rabe aminin Baba ne, shi yake ɗaukar masa kaya zuwa Kano tun kafin a haife ni. Kuma a nan wajenmu hanya ɗaya aka sani ta zama direban babbar mota. Za ka bi wani babban direba a matsayin yaronsa, ka wanke mota, ka ja tamfol, ka ɗaure igiya, in an tsaya a hawa ka diro da gudu ka tokare taya da katako. Ka yi shekaru a haka, yana ba ka sitiyari kaɗan-kaɗan, har ran da ya gamsu ya tara mutanen tasha a yi addu'a ya ce ya yaye ka. Daga ranar, duk mai motar da zai ba ka makulli, da sunan maigidanka zai ba ka.

Washegari bayan la'asar Alamin ya zo yana ta murna. Na shimfiɗa masa darduma a zaure, na kawo zoɓo mai sanyi da cincin, na sha atamfata koriya da mayafin da Umma ta ce ya yi shara-shara amma na yi kamar ban ji ba.

"Kin ji abin da Baba ya yi mini?"

"Na ji. Karen mota za ka zama."

Murmushin ya ɗan ragu. "Yaron mota ake cewa, Suwaiba."

"A gabanka ake cewa yaron mota. Da digirinka za ka hau saman buhunan barkono, a ratsa da kai ta tsakiyar gari, kowa yana kallo?"

"Ai ba dawwama zan yi a saman ba."

"Shekara nawa?"

Ya ce sai yadda Baffa Rabe ya gani. Na ce to ni kuma sai yadda furfura ta gan ni.

Kada in yi muku ƙarya, akwai ƙawata Nabila a cikin lissafina. Saurayinta a banki yake aiki, kullum da sabon hoto a waya, shi da kwat ita da gyale mai tsada. Na hango ranar da za ta tambaye ni da muryar nan tata mai zaƙi, "Ƙawata, ba angonmu na hango a saman mota ba?" Amma ba wannan kaɗai ba ne. Ina jin labarin yadda wasu yaran mota suke lalacewa a hanya, da abubuwan da suke sha don kada barci ya ɗauke su. Na ga mutum mai ilimi ya fi dacewa da a koya masa abu a tsare. Har yau ban ce wannan tunanin nawa ba daidai ba ne.

Na ce masa, "Ka ba ni lokaci, zan nemo maka makaranta."

Wanda ya san ni ya san in na sa abu a gaba ko cin abinci mantawa nake yi. Na duƙufa a kan waya har Umma ta fara zargin wani saurayin na yi. Makaranta ta farko da aka yi mini kwatance a Gashuwa take, na sa Alamin ya je ya ɗauko mini hoto. Wani shago ne da ƙaton allo an zana tirela a jiki, a ƙofa kuma wata 'yar ƙaramar mota ce duk ta sha duka. Mai wurin ya ce kada a damu, da ƙaramar ake koyo, shi kuma zai fito da lasin babbar mota ko ba a je gwaji ba. Na ce wa Alamin ko ruwan wurin kada ya sha.

Daga nan na koyi tambaya. Duk wadda na kira sai na ji ko hukumar kiyaye haɗurra ta san da zamanta. Sai na ji motocinsu nasu ne ko haya suke yi ranar da baƙi za su zo. Ɗalibi yana riƙe sitiyari kullum, ko kallo yake yi daga inuwa? Da lodi ake fita da shi kan titi, ko fanko ake zagaye fili da shi? Wani ya ce, "Hajiya, ke za ki yi tuƙin ne?" Na ce a'a, ni zan zauna a gida ina jiran wanda zai yi, shi ya sa na fi shi tambaya. Wani kuma da na ce ya kunna kiran bidiyo ya nuna mini motocin, sai ya ce wayarsa ba caji, har yau bai samu wuta ba.

A ƙarshe na samu wata a bayan garin Kaduna. Suka zagaya da ni ta bidiyo, na ga motoci, na ga aji, na ga wani dattijo yana nuna wa ɗalibai cikin inji. Ban tsaya nan ba, na karɓi lambar waɗanda suka gama a wurin na sa yayana ya kira su, kowa ya yabe ta. Na tura wa Alamin saƙo:

"Na samo. Wannan ko Baba ya gani sai ya sara mini."

Ya amso: "Kin tabbata? Baffa Rabe fa yana jirana ranar kasuwa."

"Ka je ka ba shi haƙuri. Watanni kaɗan ne ka dawo da lasinka, mu huta."

Ina ganin alamar yana rubutu yana gogewa. Can sai ga shi: "To, ranki ya daɗe. Yadda kika ce."

Mahaifiyarsa ta sayar da shinkafar da ta noma a fadama aka biya kuɗin makarantar, ya shirya. Da ya je sallamar Baffa Rabe, ya ce mini dattijon bai nuna ɓacin rai ba, goronsa kawai ya ɓantara ya ce Allah ya ba da sa'a. Baba ma bai ce komai ba. Ni kuma na ɗauki shirun manya a matsayin yarda, wanda duk 'yar da ta tashi a gidan Bahaushe ya kamata ta fi haka wayo.

Makarantar ba ta yaudare mu ba, wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Da ta banza ce da na samu wanda zan zaga. Kullum da yamma Alamin yana turo mini saƙon murya, yau an koya musu duba birki kafin a tashi, gobe yadda ake raba nauyi a bayan mota, jibi an fita da su cikin ruwan sama. Muryarsa ma ta canza, ta yi nauyi irin ta wanda ya san abin da yake faɗa. Ya ci gwajinsa, ya karɓi lasinsa ta hanyar da ta dace, ya dawo ya yi ɗan duhu ya rame, amma wallahi ya ƙara kyau.

Sai muka shiga neman mota. Ya zagaya masu motocin Nguru, ya zagaya na Gashuwa, har Machina ya je wajen wani mai safarar shanu. Ko'ina tambaya ɗaya ce: "Yaron wa ne kai?" In ya miƙa takarda, sai a karɓa da hannu biyu, a yaba, a mayar masa.

Da abin ya ishe ni na sa Umma ta yi wa Baba magana, Baba ya roƙi Baffa Rabe ya gwada shi. Yayana yana wurin, shi ya ba ni labari. An gama lodin barkono, motar tana cikin wani lungun kasuwa da direbobi suke tsinewa saboda ƙuncinsa. Baffa Rabe ya jefa masa makulli ya ce ya fito da ita da baya. Alamin ya zagaya motar ya duba tayoyi, mutane suna ta dariya wai ɗan boko yana gaisawa da mota. Ya hau, ya fito da ita tsaf, ko rumfar mai shayi bai taɓa ba. Dariya ta koma tafi.

Da yamma Baffa Rabe ya zo gidanmu. Na kai musu ruwa, na dawo na tsaya inda na saba tsayawa.

"Alhaji, yaron nan ya iya," in ji shi. "Ni kaina ba zan fi haka ba."

"To ka tsaya masa mana, Rabe."

"A'a. In ce me? Tuƙi na gani. Ban taɓa kwana da shi a daji mota ta lalace ba. Ban ga yadda yake yi in yunwa ta kama shi ba, ban ga ko yana sallah in ba mai kallo ba, ban san ko zai sayar da man mota in ya matsu ba. Wanda na yaye, in ya ɓatar da kayan mutane ni ake kamawa, kuma na yarda a kama ni. Wannan ban san shi ba, Alhaji. In yana so ya zo ya fara daga inda kowa ya fara, ƙofata a buɗe take."

Bayan ya tafi Baba ya kira ni, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Suwaiba, buhun barkono ma ba na ɗora wa direban da babu mai tsaya masa. Ke kuma kin fi buhun barkono."

Na koma ɗaki na kwanta rub da ciki a kan gado, na yi kukan da ban taɓa yi ba. Garin gyaran gira na tsone ido, kuma da hannuna.

Ana cikin haka makarantar ta kira Alamin. Wani kamfanin dakon mai a Fatakwal yana neman direbobi, su kuma sun ba da sunansa saboda yana cikin waɗanda suka fi ƙwazo. Ga albashi, ga wurin kwana, amma sai a yi watanni bai leƙo gida ba. Da ya tura mini saƙon, na rubuta "Masha Allah" na ajiye wayar a ƙarƙashin filo kamar ita ta yi mini laifi.

Na ce wa Umma zan je Gashuwa karɓo wata takarda a makaranta. Ta dube ni ta dubi lallen da na sa a hannu, ta ce in gaishe da takardar. Na sa doguwar riga baƙa da farin hijabi, na shiga motar safe.

Gidansu Alamin yana kusa da kogi, ƙaramin gida ne mai tsafta, an shanya shinkafa a tsakar gida. Mahaifiyarsa, Ya Fanne, ta tare ni da gaisuwarsu ta Barebari, "Wushe, wushe," ta kama hannuna ta zaunar da ni a bakin gadonta, ta sa turaren wuta, ta kawo mini kifi busasshe da ta gyara da mai da yaji.

"'Yata, Allah ya yi miki albarka," ta ce da Hausarta mai ɗan karkacewa. "Ke kika nemo masa hanya. Da yanzu yana can yana wanke motar wani. Ga shi kamfani da kansa yana kiransa."

Ta yi ta sa mini albarka, ni kuma na janye hannuna daga kifin. Ban taɓa jin godiya ta yi mini ciwo irin na ranar ba.

Da zan tafi Alamin ya rako ni. Muka tsaya a inuwar wata bishiyar maina a ƙofar gida, na ce masa abin da na kwana biyu ina shiryawa.

"Ka koma wajen Baffa Rabe. Na janye maganata. Ko shekara nawa ne zan jira, kuma duk mai son yin dariya ya yi."

Ya dubi ƙasa. "Na je, Suwaiba. Ban gaya miki ba ne. Na bi shi Kano sau ɗaya."

"To?"

"Mutumin kirki ne, ya riƙe ni kamar ɗansa. Amma lodin da aka yi wa motar ya kusa ninka abin da ya kamata ta ɗauka. Tayar baya ɗaya ta cinye har zare ya fito. Na yi magana, ya ce mini yaro ba ya gyara wa maigidansa, in yi addu'a kawai. Muka je lafiya muka dawo lafiya, shi ya saba. Ni kuwa tun daga Nguru har Kano hankalina yana kan tayar nan." Ya ɗago ya dube ni. "Da a wancan lokacin na bi shi, ban san komai ba, da zan zauna lafiya. Yanzu na sani. Ba zan iya shekaru ina gani ina yin shiru ba, kuma in na yi ta magana ba zai taɓa yaye ni ba."

Na nemi tsohon Alamin a fuskarsa, mai cewa "yadda kika ce, ranki ya daɗe", ban gan shi ba. Wannan wani ne, ya fi wancan nutsuwa, ya fi shi sanin kansa, kuma bai tambaye ni shawara ba.

"Na karɓi aikin Fatakwal," ya ce. "Kafin in tafi Kawu Yuguda zai je wajen Baba sau ɗaya. In ya yarda a ɗaura, in na samu ɗaki in zo in ɗauke ki. In bai yarda ba, ba zan ce ki jira ni ba, don shekarun da zan yi a can ba za su sa wani a Nguru ya san ni ba."

A motar dawowa na juya fuskata wajen taga har muka iso, wata tsohuwa da ke kusa da ni tana ta tambayata ko rasuwa aka yi mini.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Kawu Yuguda ya zo, ƙanen mahaifin Alamin ne, dogon dattijo da farar babbar riga. Suka daɗe a zaure da Baba. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa, tsakuwa nake zubawa a tukunya ina watsar da shinkafar, har Umma ta karɓe farantin. Sai muka ji muryar Baba.

"Suwaiba."

Umma ta zaro ido, don a gidanmu ba a taɓa kiran 'ya mace cikin irin wannan zama ba. Ta yafa mini mayafinta, ta tura ni. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe su.

Baba ya ce, "Malam Yuguda ya ce shi zai tsaya wa ɗansa. Na ce masa jini ba ya shaidar jini, ko a tasha ba a karɓa. Na nemi mutum ɗaya a garin nan da zai ce ya san yaron nan ciki da waje, ban samu ba. Saura ke. Ke kika fi kowa zama da shi, ke kika zaɓa masa hanyar da ya bi. In kin ce kin san shi, kin tsaya masa, yau zan ba shi, ba zan ƙara kwana ba."

Na ɗago kai.

"Amma ki ji sharaɗin tsayawa, don ba wasa ba ne. Wanda ya tsaya wa direba, in kaya ya salwanta shi yake ɗauka, ba ya zuwa ya yi wa kowa kuka. Fatakwal ba Gashuwa ba ce, ba ni da kowa a can. Kin san shi?"

'Yan'uwa, ni da bakina ba ya mutuwa, ni da na titsiye masu makarantu har suna kashe waya. Kalma ɗaya ake nema a wurina, kuma ina son sa, Allah ya sani ina son sa. Na buɗe baki zan ce eh, sai mutumin nan na gindin maina ya tsaya mini a ido, wanda ya yanke shawararsa shi kaɗai. Na san wanda na tura Kaduna. Wanda ya dawo, sau nawa ma na zauna da shi?

Ban ce a'a ba, wallahi ban ce ba. Numfashi kawai na tsaya ja. Amma shirun ya yi tsawo, har Kawu Yuguda ya sauke kansa, ya miƙa hannu a hankali ya jawo takalminsa.